Kuɗin Harajin Yara a Amurka: Haƙƙinmu Ne ko Sadaka?

Assalamu alaikum Anti. Ni da maigidana 'yan Kumasi ne, mun shigo Amurka ta cacar biza, muna zaune a Bronx da yara uku. Babban shekararsa 11, autar a nan aka haife ta. Maigida yana aiki a wani sito, yana samun wajen dala 36,000 a shekara. Ni kuma ina kitso a shagon wata, a hannu ake biyana, in na cire kuɗin kujera da na kayan aiki nakan tsira da kamar dala 9,000. Shekara biyu ke nan bai cike takardar haraji ba, ya ce ai ana cirewa daga albashinsa. Yanzu ana bin mu hayar wata biyu. Wani mai cike wa mutanenmu takardu ya ce akwai kuɗi masu yawa da gwamnati ke bai wa masu yara. Ya ce mu sa sunan 'yar maigida ta fari da ke wurin kakarta a Kumasi, kada in ambaci kuɗin kitso, kuma mu cike daban-daban kamar ba mu da aure, shi zai ɗauki kashi goma cikin ɗari. Maigida ya ce shi bai zo ƙasar nan don yin bara ba, kuma ba ya son abin da zai ɓata masa takardar zama ɗan ƙasa. Mun kwana uku ba ma magana sosai. Don Allah ki ba ni shawara.

Maman Yara, Bronx

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya yaye muku wannan matsi, Ya raya yaran nan. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kwana ukun nan da kuka yi ba ku magana, alhali ku biyun abu ɗaya kuke karewa. Ke kina tsoron a fitar da yaranki daga gida cikin sanyin Niyok, shi yana tsoron a zubar masa da mutunci a kuma ɓata masa takardu. Maigidanki ya yi daidai da ya ƙi mutumin nan, amma ya yi kuskure da ya ƙi kuɗin. Ke ma kin yi daidai da kika ce akwai kuɗin kuma kuna da haƙƙi a ciki, sai dai hanyar da aka nuna miki rami ce.

Kuɗin da ake magana sunansu EITC, wato rangwamen haraji ga masu aiki da ƙaramin albashi. An kafa shi a 1975 zamanin Shugaba Gerald Ford, kuma wanda ya fi tsaya masa a majalisa, Sanata Russell Long na jihar Louisiana, mutum ne da ba ya son a riƙa ba mutane kuɗi suna zaune. Shi ya sa aka gina tsarin a kan sharaɗi guda: wanda bai yi aiki ba, ba ya samun ko sisi. Ga mai yara uku, a kan kowace dalar farko da ya samo da guminsa gwamnati tana ƙara masa santi 45, har abin ya kai iyakarsa, ya tsaya, sannan ya fara raguwa a hankali yayin da albashi ke hawa. Reagan ya faɗaɗa shi a 1986, Clinton ya ƙara faɗaɗa shi a 1993, jam'iyyun biyu ke nan. Sama da gidaje miliyan 20 ke karɓa duk shekara, direbobin bas da masu shara a asibiti da ma'aikatan sito irin maigidanki. Hukumar haraji ta IRS da kanta tana cewa wajen mutum ɗaya cikin biyar da suka cancanta ba sa nema, kuma duk shekara tana kiran su da su zo su karɓa. Ba a yi wa mai bara irin wannan kira.

Ki faɗa wa Malam wannan da laushin murya. Tun ranar da ya fara aiki ake cire masa kashi 7.65 cikin ɗari na albashinsa don asusun fansho da na lafiyar tsofaffi, ban da harajin tarayya da na jiha da na birni. Ɗaya daga cikin dalilan kafa EITC tun farko shi ne a rage wa talaka mai aiki nauyin wannan cirewa. Saboda haka kaso mai yawa na abin da zai dawo masa, daga aljihunsa ya fita. In kuma zuciyarsa ta fi natsuwa da misalin gida, ki tuna masa labarin Sayyidina Umar da ake karantawa a tarihin halifofi, daren da ya ji jariri yana ta kuka, ya gano uwar tana gaggawar yaye shi ne saboda baitulmali ba ya ba yaro kaso sai an yaye shi. Da gari ya waye ya sa aka yi shela cewa kowane jariri yana da rabo tun daga haihuwa. Babu wanda ya kira iyayen waɗannan jarirai mabarata.

Akwai kuma abin da Malam bai lura da shi ba, wanda ya fi damuna fiye da maganar kunya. Cirewar da ake yi daga albashi ba ta ɗauke wa mutum cike takarda. Ma'aurata da abin da suka samu ya wuce dala 29,200 a shekarar 2024 wajibi ne su cike, ku kuwa albashinsa kaɗai ya haura haka. Ke ma, duk mai aikin kansa da ribarsa ta kai dala 400 a shekara doka ta ce ya bayyana. To ashe abin da yake gudu, wato tabo a takardunsa, zaman da ya yi bai cike ba shi ne ke jawo shi. Fom ɗin neman zama ɗan ƙasa yana tambaya a kan haraji, kuma ana shawartar mai nema ya je ganawa da shaidar harajinsa ta shekaru biyar. Gwajin nan da mutanenmu ke tsoro, na ko mutum zai zame wa gwamnati nauyi, ana yi wa mai neman biza ne ko mai neman katin zama, ba a yi wa mai kati a hannu da ke neman zama ɗan ƙasa. Ko a can ɗin ma, ƙa'idar da aka fitar a 2022 ba ta ƙirga rangwamen haraji ba. Dokokin shige da fice kan juya da juyawar gwamnati, don haka kafin ku shigar da takardar zama 'yan ƙasa ku zauna da lauyan wannan fanni ya duba muku komai. Amma cike haraji na gaskiya ba abin da za a jira lauya a kansa ba ne.

Sa'ar da kuka yi ita ce ƙofa ba ta rufe ba. Mutum yana da shekara uku daga ranar da ya kamata ya cike don ya nemi kuɗin da ake binsa, kuma idan gwamnati ce za ta maido maka, ba ta cin tararka don ka makara. Shekaru biyun nan da suka wuce, kuɗinku na nan a ajiye. In shekara ukun ta cika ba ku nema ba, sun zama na baitulmalin Amurka har abada.

Bari in yi miki lissafi da alƙaluman da kika ba ni, a kan shekarar haraji ta 2025. Mafi yawan abin da mai yara uku ko fiye zai samu dala 8,046 ne. Ga ma'auratan da suka cike tare, yana fara raguwa daga dala 30,470, ana cire wajen santi 21 a kan kowace dala da ta haura, ya ƙare gaba ɗaya a dala 68,675. Ku biyu kuna wajen 45,000, don haka rabonku zai faɗo kusa da dala 5,100. Ban da wannan akwai rangwamen yara, wanda ya kai dala 2,200 a kan kowane yaro ɗan ƙasa da shekara 17, ana fara biyan harajinku da shi, sannan a ba ku abin da ya rage a hannu har zuwa dala 1,700 kan kowane yaro. Jihar Niyok tana ɗora nata, kashi 30 cikin ɗari na EITC ɗin tarayya, birnin ma yana da nasa ƙarin. Wannan na shekara ɗaya ne, ku kuwa kuna da na baya guda biyu. Duk wannan ba tare da ƙarya ko ɗaya ba.

Yanzu ga shawarwarin mutumin nan. Maganar yarinyar da ke Kumasi ita ce ta fi ɓata mini rai, domin ya san abin da yake yi. Sharaɗin yaro a EITC shi ne ya zauna tare da ku a cikin Amurka fiye da rabin shekara, kuma yana da lambar soshiyal, wato lambar shaidar da gwamnatin Amurka ke ba mutum don aiki da haraji. Yarinyar da ke kwana a ɗakin kakarta a zango ba ta cika ko ɗaya ba, ko da mahaifinta ne ke biyan kuɗin makarantarta da abincinta har da takalmin sallah. Na san wannan yana da ciwo, domin a wurinmu 'ya 'ya ce duk inda take, amma haka dokar take. Kuma ki lura da wannan: EITC ba ya ƙaruwa bayan yaro na uku. Mai uku da mai bakwai adadi ɗaya suke karɓa. To in ba ta da lamba, da wace lamba zai shigar da ita? Irin waɗannan mutane lambar ɗan wani suke saye ko su ara, su liƙa a takardarku. Ranar da uwar wancan yaro ta cike tata takardar, kwamfutar IRS za ta ga lamba ɗaya a gida biyu.

Ki kuma yi tunanin gobe. Duk ranar da Malam ya tashi nema wa 'yarsa bizar zuwa, zai rubuta cewa tana zaune a Kumasi tun haihuwarta, kuma za a nemi takardar harajinsa a haɗa. In takardar ta ce tana Bronx tare da ku, da wane baki zai yi bayani? Garin neman gira a rasa ido ke nan, kuma idon na yarinyar ne da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba.

Cikewa daban-daban ma haka take. Kun shigo ƙasar nan a matsayin miji da mata, gwamnati tana da shaidar aurenku tun daga ofishin jakadanci a Accra, kuna kwana ƙarƙashin rufi ɗaya. Ma'auratan da ke zaune tare, in suna son EITC, tare suke cikewa. Abin da yake so ya yi shi ne ya rubuta ɗayanku a matsayin mai riƙe da gida shi kaɗai, ya raba muku yaran, kamar an rabu. Ƙarya ce da za ku sa wa hannu ƙarƙashin rantsuwa, kuma ita ce irin wadda jami'in shige da fice ke ganowa da kallo ɗaya.

Sai kuɗin kitsonki, kuma a nan ba zan ɓoye miki ba, faɗin gaskiya zai rage abin da za ku karɓa. A kan ribar dala 9,000 za ki biya harajin mai aikin kansa, kashi 15.3 cikin ɗari da ake lissafawa a kan kashi 92.35 cikin ɗari na ribar, wajen dala 1,270. EITC ɗinku kuma zai ragu da kamar dala 1,750 idan aka kwatanta da in albashin Malam kaɗai aka rubuta. In aka haɗa da sauran ƙananan abubuwa, maganar ta wuce dala dubu uku. Ga mai bashin haya wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne, kuma na fahimci dalilin da ya sa matan shagunan kitso daga titin 125 na Harlem har Fordham suke yin shiru. Duk da haka ina ce miki ki rubuta. Wannan harajin da za ki biya shi ke shigar da sunanki cikin asusun fansho. Ana bukatar maki 40 kafin mutum ya cancanci fanshonsa na kansa, ba a samun fiye da huɗu a shekara, kuma a 2025 kowane maki dala 1,810 ne, don haka kitsonki ya ishe ki cike huɗun duka. Wuyan hannu da kafaɗa da bayan mai kitso ba sa kai ta shekara sittin lafiya, kin fi ni sani. Na ga matan da suka yi shekara ashirin a tsaye a kan kawunan mutane, da hannu ya gaza aka duba, a idon gwamnati ba su taɓa yin aikin kwana ɗaya ba. Ƙari a kan haka, ranar neman bizar yarinyar nan ana duba ko abin da gidan ke samu ya kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci, kuma kuɗin da aka bayyana ne kaɗai ake ƙirgawa. Haka mai gidan haya, haka banki in kun tashi neman gida mafi faɗi.

Wata maƙwabciyata ta taɓa kawo mini wasiƙar IRS a cikin jakar leda, ta yi wata guda tana ɗauke da ita ba ta buɗe ba. Muka zauna a teburin kicin ɗina bayan isha'i, na yanka ambulan da wuƙar albasa. Suna neman shaidar cewa wani yaro da aka sa a takardarta ya zauna da ita: takardar makaranta, ta asibiti, mai ɗauke da adireshinta. Yaron ɗan ƙanwarta ne da ke wata jiha. Muka juya takardar harajin zuwa shafi na biyu don mu ga sunan wanda ya cike mata, wurin babu komai, an rubuta cewa ita ta cike da kanta. Ta kira lambarsa a gabana, ba ta shiga. Hannunta na rawa a kan kofin shayi tana cewa ita ko karanta fom ɗin ba ta yi ba. Ta biya kuɗin da kuɗin ruwa a kai, kaɗan-kaɗan, tsawon lokaci, kuma abin da ya fi yi mata zafi shi ne 'ya'yanta biyu na halak ma sai da ta sha wahala kafin a sake amince mata da su. Doka ta ce wanda ya yi ganganci a hana shi EITC shekara biyu, wanda aka tabbatar ya yi zamba shekara goma. Shekara goma, ƙanwata, babban ɗanki ya riga ya zama saurayi.

Ki riƙe wannan alama. Duk wanda ke cike wa mutane haraji don kuɗi dole ya sa hannu ya rubuta lambarsa ta PTIN, wato lambar da IRS ke ba masu wannan sana'a, a takardar. Wanda ya ƙi sa sunansa, ko ya ce ladansa kaso ne daga abin da za a maido, ko ya ce a tura kuɗin asusunsa tukuna, ki tashi ki bar masa kujerarsa, ko da sahu ɗaya suke sallah da Malam. Ba kwa ma bukatarsa. Akwai shirin VITA, inda mutanen da IRS ta horar ta kuma jarraba suke cike wa masu ƙaramin ƙarfi kyauta, a ɗakunan karatu da cibiyoyin unguwa. A Niyok ki kira 311 ki ce kina neman wurin cike haraji kyauta. Ki faɗa musu tun a waya cewa kina da kuɗin aikin kanki kuma kuna da shekarun baya, don su tura ku inda ake yin irin wannan, kuma ki nemi tafinta in kuna so.

Kafin ranar, ki samo kwalin takalmi ɗaya ki fara tarawa. Takardun W-2 na Malam na kowace shekara, wato takardar da ke nuna albashinsa da abin da aka cire, in sun ɓata wurin aikinsa zai sake ba shi. Katunan soshiyal na ku biyar, na ainihi, da katin shaida mai hoto na ku biyu. Lambar asusun banki. Wasiƙar makaranta ko ta asibitin yara mai nuna adireshinku. Ke kuma ki sayi ɗan littafi, ki zauna da wayarki ki bi saƙonnin masu zuwa kitso da abin da ya shigo ta Zelle ko Cash App, ki fitar da lissafin kowane wata gwargwadon gaskiya, da rasit ɗin gashi da mai da kuɗin kujera, domin ana cire su kafin a ƙirga riba. Daga yau kuma kullum kika tashi daga shago ki rubuta abin da kika samu kafin ki kwanta. Ku biyu za ku je, don takardar haɗin gwiwa sai da hannun miji da na mata. Wannan ma ya isa ya nuna miki cewa ba abin da za ki yi a bayan idonsa ba ne.

Kada ki ɗora wa kuɗin nan abin da ba za su iya ba. Sau ɗaya suke zuwa a shekara, kuma wata doka ta 2015 ta hana IRS sakin kuɗin mai EITC kafin 15 ga Fabrairu, yawanci sai ƙarshen watan ko farkon Maris suke shiga asusu. Na shekarun baya sun fi haka jinkiri. Za ki ga shaguna sun liƙa talla cewa za su ba ki kuɗinki yau-yau. Bashi ne, kuma tsakanin ladan cikewa da sauran caje-caje, daga rabon yaranki ake yanka. Maganar haya kuwa, Malam ya je wurin mai gidan tun yanzu, kafin takardar kotu ta iso, ya biya abin da ya sawwaƙa ya nemi a rubuta yarjejeniyar sauran. A Niyok mai gida ba shi da ikon canza muku makulli ko fitar da kayanku sai da hukuncin kotu, kuma ta 311 ɗin nan ana haɗa masu haya da lauyoyin kyauta. In kuna karɓar taimakon abinci ko Medicaid na yara, wato inshorar lafiya ta gwamnati, kuɗin da aka maido ba a ƙirga su a matsayin albashi, kuma ba a ɗauke su a matsayin ajiya har tsawon wata 12.

Game da yadda za ki tunkare shi, kada ki fara da adadin kuɗin, kuma kada ki yi a gaban yara. Namijin da ke tashi da asuba ya ɗauki kwalaye har magariba, sannan ya dawo ya tarar ana bin sa haya, duk maganar tallafi a kunnensa tana nufin ya gaza. Ki fara da inda ya yi gaskiya. Ki ce masa, Malam, na yi tunani, ka fi ni gani a kan mutumin nan, ba za mu sa sunan yarinya a ƙarya ba, kuma kuɗin kitsona ma zan rubuta. In ya ji kin sauko daga wannan, kunnensa zai buɗe ga sauran. Sannan ki kawo maganar shekaru biyun da ba a cike ba, a matsayin abin da ke barazana ga takardar da yake so, ki roƙe shi ku je wurin masu cikewa kyauta don a gyara. Ba sai kin ce masa ku je neman tallafi ba, domin da an cike takardar daidai, rangwamen da kansa yake fitowa a lissafi. In har ya cije, ki nemi wani dattijo da yake jin nauyinsa, wanda ya daɗe a ƙasar kuma ya riga ya zama ɗan ƙasa, ko limaminku, ya yi masa magana su biyu.

Ku kuma yanke shawarar abin da za a yi da kuɗin tun kafin su shigo, ku rubuta a takarda, domin na ga gidajen da watan Maris ke haɗa su faɗa fiye da watan babu. Haya ta fara fita, da harajin kitsonki na shekara mai zuwa a ajiye gefe, sai abin da za ku jingina don ranar da aka rage wa Malam awannin aiki. Ni a ganina ke ce ya kamata ki fara cewa a cire wa yarinyar Kumasi nata kason a aika wa kakarta, kuɗin makaranta na shekara guda cif, kafin shi ya buɗe baki ya roƙa.

Ki rubuto mini bayan kun je, ina son in ji yadda kuka ƙare. Ki gaishe da Malam da yaran.

Antinku